Yadda Sahabi Ya Tura Ni Gadin Ciyawa a Abijan

Sahabi ya cuce ni, kuma zan rubuta sunansa yadda uwarsa take kiransa, ba Elhaji, ba Shugaba. Ya raba ni da yarana da filina, ya jefa ni Abijan da sunan za ni karatun koci, alhali can mai gadi suke jira. Ya yi haka ne don in ba shi wuri ya aikata abin da na hana shi ina tsaye.

Sunana Hamidu. A ƙauyenmu, nan gefen Malbaza, Koci ake ce mini, ko da yake babu wanda ya taɓa ba ni takardar koci. A lakwal, wato boko, ban kai ƙarshen firamare ba. Balo kuwa, ƙwallo ke nan, na buga ta har gwiwa ta ƙi, sannan na koma tara yaran unguwa ina koya musu. Sahabi tare munka tashi. Ni ina cikin fili, shi yana bakin layi yana tsaron takalmanmu. Ya girma ya yi arziki da fataucin kan iyaka, ya je Makka, da anka kafa ƙungiyar ƙwallon yara ta yankinmu sai anka ɗora shi a kai. Ban ji haushi ba. Kuma gaskiya ƙungiyar ta yi amfani da fari. Ita ta haɗa mu da yaran Konni da na Alela, ta shirya gasa, ta samo mana balo da rigunan wasa.

Filin da muke wasa gona ce, gonar wani dattijo, Baba Nomau. Aro ya ba ni, baki da baki. In an cire amfani an kwashe kara, fili namu ne har hadarin farko. Da na ga gabas ta fara haɗawa, sai in tumɓuke sandunan gola, na icen dogon yaro, in cike ramukan, in kawo yarana su yi mashi shuka da noman fari. Kowa a ƙasarmu ya san dokar gonar aro. Ba ka dasa itace, ba ka gini, ba ka kafa abin da hannu ba zai iya cirewa ba. Ranar da ka kafa, ka gaya wa duniya gonar taka ce.

Sai Sahabi ya zo da maganar sandunan ƙarfe. Wai manya za su zo daga Tawa duba filaye, wanda anka ga na dindindin ne shi za a riƙa kai wa gasa.

"A zuba musu siminti, Koci," ya ce. "Muna zaune bakin izin, inda ake yin simintin, muna wasa da icce awa ƙauyawa?"

"Ƙauyawan ne mu. Kuma gonar mutane ce."

"Tsohon ga mi ya sani?"

"Ya san gonarshi."

Bai sake ta da maganar ba. Bayan kaka ya kira ni buro, ofishinsa, ya ce ƙungiya ta samo mini staj, wato horon ɗan lokaci, a wata makarantar ƙwallo a Abijan, in je in dawo da difilom, takardar koci, kafin ruwa. Ya ce darektan wurin amininsa ne. "Ba ka bukatar komi. Ka ce ni na aiko ka." Ɗan ƙanwarsa Ila zai riƙe mini yara kafin in dawo. Na kama hannunsa da hannu biyu ina godiya.

Motar albasa na hau daga Galmi, lokacin hanyar Burkina ba ta lalace kamar yanzu ba. Bisa buhuna nake zaune tare da samari ƴan cirani, rana ta dake mu, albasa ta turare mu daga ƙasa. Har yau in matata Hadiza tana yanka albasa sai in bar mata gidan. Kowane shinge sai an sauke mu an jera. Ni na sa rigar wasa da usur a wuya, don a san ba ɗan dako ba ne. Bayan garin Fada wani jandarma ya dube ni sama da ƙasa ya ce mene ne aikina. Na ce antiranar, mai horar da ƴan wasa. Ya kira abokansa su zo su ga antiranar bisa albasa. Ya ce in busa usur su ji. Na busa. Ya ce in ƙara. Samarin motarmu sunka duƙar da kai don kada in ga suna dariya. Daga nan na cire usur ɗin na tura aljihu.

A Bobo mota ta karye, munka zube a tasha muna jiran a samo ƙarfen gyara. Nan wani mutum fari, mai tsabta, da casbi a hannu, ya ji muna Hausa ya matso. Ya ce shi mutumin Madawa ne, ya daɗe a garin. Ya tambayi garinmu, ya ambaci kasuwar Malbaza kamar jiya ya baro ta. Har shayi ya saya mini. Da anka kira azahar ya ce, "Je ka yi salla, ɗan uwa, ni na riga na yi. Bar jakar nan." Na dawo ban tarar da shi ba, ban tarar da jaka ba. Takalman wasana suna ciki, da sabuwar shaddar da Hadiza ta ɗinka mini don ranar karɓar difilom.

Wata mata mai sayar da tuwo a bakin tashar ta ga duk abin da ya faru. Ba ta jin Hausa, ba na jin Jula. Ta zubo tuwo ta ajiye gabana, ta nuna bakina da yatsa. Na nuna mata aljihu, ta kaɗa hannu. Kashegari ta zo mini da wata tsohuwar riga ta maza a wanke a ninke. Ko ta mijinta ce, ko ta ɗanta, ban sani ba. Ko sunanta ban sani ba. Da rigar nan na shiga Kwaddebuwa.

Daga Buwake zuwa gaba ƙasa ta canza. Itatuwa sun rufe sama, ko'ina kore, iska da nauyi kamar an jiƙa bargo an lulluɓa maka. Samarin suna ta murna sun kusa. Ni kuwa ina ta lissafin cewa yanzu a gida la'asar ce, yara sun fito, ko Ila ya tuna Bashiru, ɗaya daga yarana, ba ya son a yi mashi tsawa gaban mutane.

A Abijan na sauka wurin Malam Ada, mutumin Alela, dillalin albasa, mai masaukin mutanen ƙasarmu. Ɗaki ɗaya ne bayan kasuwa, tabarma kan tabarma, in za ka juya sai ka nemi izinin maƙwabci. Da na gaya mashi abin da ya kawo ni, ya ajiye kofin shayi.

"Karatun balo? Da hurhurar ga?"

"Da ita."

"Wa ya aiko ka?"

"Shugaban ƙungiyarmu."

"Kai da shi wa ya fi wayo?"

Duk da haka shi ya bar rumfarsa ya raka ni, munka shiga ƙananan motocin nan nasu da ake cusa mutane kamar awaki, har can bayan gari.

Ban taɓa ganin fili irin wannan ba. Ciyawa shimfiɗe kamar darduma, yara da takalma iri ɗaya, kowane da balo tasa. Darektan mutum ne mai ƙiba, ba shi da wulaƙanci. Da ɗan Faransancina na gaya mashi Sahabi ya aiko ni. Ya daɗe yana tunani, sannan ya tuna.

"A, mutumin Nijar mai babbar riga! Mun haɗu a wani taro. Ya ce yana da mutum amintacce, ba ya sha, ba ya sata, zai turo mini ya riƙe ƙofa ya riƙa ba ciyawa ruwa. Kai ne?"

Na ce staj na zo. Ya ce wane staj? Ya ce karatun koci akwai shi, amma sai wanda ƙungiyar ƙasarsu ta turo sunansa tun da wuri, kuma ba a nan ake yi ba. Malam Ada yana gefe yana kallon takalmansa.

A bakin ƙofar na kira Sahabi. Ya ɗauka da fara'a.

"Koci! Ka sauka lahiya?"

"Sahabi, gadi ka turo ni?"

"Haba, wane irin gadi. Ka fara da nan tukuna, su saba da kai. Ina nan ina magana da manya."

Daga ranar bai sake ɗaukar wayata ba.

Za a ce me ya hana ni juyowa. Kunya ce. Gari duka ya san Koci ya tafi ɗauko difilom. Hadiza ta dama fura ta raba wa maƙwabta. Liman ya yi mini addu'a a masallaci. In dawo da rigar wani, hannu wofi, in ce musu me? Na ce bari in zauna, ko banza ido zai ɗauki wani abu, kafin ruwa in koma in cire sanduna. Na karɓi tiyon ban ruwa.

Aikina buɗe ƙofa, jan tiyo, kwashe robobin ruwa, wanke bayi. Yaran ba su san sunana ba, "Nijar" suke kirana. "Nijar, balo ta fita!" Ni da a gida in na ɗaga hannu yaro yake tsayawa cak. Ina ba ciyawa ruwan da a ƙauyenmu mata ke yin layi a kansa, ina kallon horo ta gefen ido.

Akwai wani tsohon koci mai kula da ƙananan, Papa Kwasi, ƙafarsa ɗaya ba ta lanƙwasuwa. Wata rana ya lura tiyo yana ta zuba wuri ɗaya har ya yi tabki, ni ina can ina kallon yadda ya jera yara. Bai yi faɗa ba. Ya kira ni ya ce me nake kallo. Na gaya mashi ni ma ina da yara a gida. Ya ce yaya nake horar da su. Na ce su zagaya fili har sai sun gaji, sannan in raba su biyu su buga.

"Da rana?"

"Da rana."

"Kuma ba su gudu sun bar ka ba? To suna son ka." Ya yi dariya har da tari. "Yaro ba doki ba ne. Ba shi balo tun minti na farko. Gajiya za ta same shi da kanta."

Ya yi mini zafi, amma gaskiya ya faɗa. Daga nan, in na gama ruwa, sai ya sa ni jera mashi ƴan robobin alama, yana gaya mini dalili. A raba yara kaɗan-kaɗan a ƙaramin wuri don kowa ya taɓa balo. Kada a tsayar da wasa kowane kuskure. Wanda ya fi ƙanƙanta kada a jefa shi gola don kawai ba a son shi a ciki. Na gane shekarun nan duka rabin abin da nake yi ƙarfi ne kawai. Abin da ƙungiya ya kamata ta koya mini, wani gurgun tsoho ne ya koya mini a tsaye, kyauta, ina riƙe da tiyo. Komi ya faɗa sai in ce a raina, wanga na Bashiru ne, wanga na Sani Ƙarami ne. Ina tara musu kamar tsaraba.

Zazzaɓi ya kayar da ni a tsakiyar zaman. Ina kwance a ɗakin gadi, ba mai cewa sannu da harshena. Matar da ke sayar da rogon nan nasu da kifi a bakin ƙofa, Madam Aya, ta ga ba ni ne na buɗe ba. Ta shigo da romo mai barkono kamar wuta, ta tsaya kaina sai da na shanye tana zagina da yarensu. Abin da raina yake so a lokacin fura ce da nono, mai tsami, a ƙwarya. Na yi kuka a kan fura, ni da furfurata. Ban ɓoye ba.

Hadiza ce ta fara gaya mini a waya.

"Malam, an kafa ƙarfe a hili."

"Wane ƙarfe?"

"Na gola. Da siminti. Har da buki anka yi, da rumfa da makaɗa. Elhaji ya buga balo da babbar riga, takalminshi ya tashi sama."

"Baba Nomau ya sani?"

"An ce mashi na kwana biyu ne, baƙi na tahiya za a cire."

Na kira Ila, ya ce shi umarni yake bi. Na so tasowa ranar, amma sai an sami motar da za ta koma, kuma darekta ya ce in jira ya sami wani a ƙofa. Ina cikin jira ruwan farko ya sauka a gida. Hadiza ta ce da safe Baba Nomau ya fito da sungumi da ƙwaryar iri, ya tarar da ƙarfe tsaye cikin gonarsa, fari fat da fenti. Ya jira yara, ba wanda ya zo. Ya aika wurin Ila, Ila ya ce ƴan wasa ba sa noma, yana ɓata musu ƙafa. Tsohon ya juya gida. Ɗiyansa ne sunka tafi wurin maigari, sunka ce ana so a cinye musu gado da wayo. Maigari ya ce gaskiyarsu. Sunka fasa simintin da diga, sunka jefar da ƙarfen bakin hanya, sunka kewaye gonar da ƙaya.

Ranar da zan taso Papa Kwasi ya ba ni tsofaffin takalmansa na wasa. Sun yi mini yawa. Ya ce in gaida yarana.

Ban fara shiga gida ba sai da na je wurin Baba Nomau. Yana zaune gindin bango yana gyaran kalme. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi haƙuri, na ce in an cire amfani a bar mu mu dawo, da icce, kamar da.

"Hamidu," ya ce, "kai na ba aro. Ban san wata ƙungiya ba."

"Haka ne, Baba."

"To kai kuma ka tahi. Ka bar amanata hannun wanda bai taɓa gaishe ni ba."

"Cuta ta anka yi, Baba."

"Na ji. Ni ma ita anka yi mini. Yanzu magana ta fita hannuna, ɗiya sun rantse. Ko ka ga laihinsu?"

Ban ga laifinsu ba. Na zaga duk masu gona kusa da gari. Kowa ya ji labari. Kowa ya ce in yi haƙuri.

Yaran kuwa sun watse. Waɗanda sunka fi iyawa Sahabi ya kwashe su ya kai ƙungiyarsa ta Konni, Ila yana kansu. Sauran ba wanda ya neme su. Bashiru na gani bisa babur yana kabu-kabu, ya ga ni ya juya kai. Sani Ƙarami yana dakon jarkokin mai ta hanyar daji a bakin iyaka. Duk abin da na ɗauko musu daga Abijan yana cikin kaina, ba inda zan sauke shi.

Ranar kasuwar Konni na sami Sahabi a ƙofar shagonsa, cikin rumfa, da mutanensa ana shan shayi. Ya hango ni ya buɗe hannu.

"Koci! Ɗan Abijan! Ina difilom ɗinmu?"

Sunka yi dariya. Ban zauna ba. Ya ce a ba ni kujera, na ce a bar ta.

"Kar ka ɗau abin da zahi," ya ce. "Hilin ƙauye ne, ya wuce. Ƙungiya ta ci gaba. Ga wuri nan a Konni, ka zo ka riƙa taimaka ma Ila. Ai ka ga yadda ake yi a waje."

"Sahabi," na ce. Wani daga cikin mutanensa ya ce in ce Elhaji. Na ce da shi ba da kai nake ba.

"Sahabi, da ka ce mini, Hamidu kauce, ƙarfen nan sai na kafa shi, da mun yi faɗa a gaban mutane, wanda ya fi ƙarfi ya ci. Wannan faɗan maza ne. Amma ka kira ni buro, ka bar ni na kama hannunka ina yi maka addu'a, kana kallon idona, ka san tiyo za ni riƙewa. Macen da ba ta san sunana ba ta tufatar da ni a Bobo. Wanda ba ya salla ya koya mini aikina. Kai da munka ci tuwo ƙwarya ɗaya, kai ka sayar da ni mai gadi. Ka ce ƙungiya ta ci gaba. Tashi ka je bakin iyaka ka gaya wa Sani Ƙarami haka, yana ƙarƙashin jarka. Ba ni taimaka ma Ila, ba ni shan shayinka, kuma daga yau ka riƙe gaisuwarka. Ga shaidu nan sun ji. In na riga ka mutuwa, ban yarda ka tsaya a sahun sallata ba. In ka riga ni, zan zo. Har bakin rami zan zo, in leƙa in tabbata kai ne."